Ribar Ƙananan Teburan Poka: Daga Aljihun Wa Take Fitowa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan wata gardama da matasanmu suke kwasowa daga bidiyoyin YouTube, wato yadda ake cin riba a cacar karta ta poka a ƙananan teburan gidajen caca na Amurka, inda ake buɗe wasa da dala 1 da dala 2.

Gwanayen wasan sun rabu biyu. Wasu sun ce idan kartarka ta yi ƙarfi ka zuba kuɗi kaɗan, kamar sulusin abin da ke tsakiyar tebur, don kada abokin karawa ya tsorata ya ajiye tasa. Wasu kuma sun ce ka zuba da yawa, ka rage burga, domin mutanen da ke zama a irin waɗannan tebura ba sa son ajiye karta, za su biya ko nawa ne don su ga abin da ka riƙe. Ta fuskar lissafi, na biyun sun fi hujja. Amma a lura da abin da hujjar ta ginu a kai: ribar gwani ita ce kuɗin wanda bai iya ba, mutumin da ya tashi daga aiki a gajiye, ya zauna da dala 200, yana ta biya alhali an riga an cinye shi.

Abin da masu gardamar ba su cika daɗewa a kansa ba shi ne kamashon gidan caca. A Las Vegas gida yakan zare kashi 10 cikin 100 na kuɗin tsakiya, har ya kai wajen dala 5 a zagaye guda, kuma mai raba karta yakan yi zagaye kusan 30 a awa ɗaya. A ce dala 4 kawai aka zara kowane zagaye, to dala 120 ta bar teburin ke nan a awa guda, ban da tukwicin mai rabawa, ko wa ya ci ko wa ya faɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu cewa ana samun riba a poka suna yawan kafa hujja da Chris Moneymaker, akantan da ya ci dala miliyan 2.5 a babbar gasar poka ta duniya a 2003, amma mutum 839 ne suka shiga gasar, kuma mafi yawansu hannu rabbana suka koma gida.

Hukuncin caca a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ba ɓoyayye ba ne ga masu karatu. Roƙona ga masu yaɗa waɗannan bidiyoyi shi ne, duk lokacin da za su nuna wa yaro dabarar zuba kuɗi, su nuna masa lissafin kamashon nan tare da ita.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum, daga Kano.