Shan Man A-kori-kura Mai Dizal: A Auna Kafin a Zargi Kowa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani koke da ya zama ruwan dare a bakin masu motocin a-kori-kura masu amfani da man dizal, irin su Toyota Hilux da Isuzu D-Max da Ford Ranger da Mitsubishi L200. An ce musu motar ba ta shan mai, sun saya, sai ga tanki yana ƙarewa tun ba a je ko'ina ba. Daga nan zargi ya tashi. Mai mota ya ce direba ne ke zuƙe mai, direba ya ce makanike ne ya taɓa inji, makanike ya ɗora wa nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, laifi, a je a kwance abin da lafiyarsa ƙalau. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa a cikin su ukun babu wanda ya taɓa auna abin da motar take sha. Ana ɓata amana, ana ɓata inji, duk a kan zato.

Gaskiya ne injin dizal ya fi na fetur tattalin mai. Litar dizal ɗaya ta fi ta fetur ƙarfi da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, kuma injin yana matse iska sosai kafin ya fesa mai, don haka yana cin moriyar abin da ya ƙona. Amma lambar da kamfani ke bugawa a takarda a ɗakin gwaji aka samo ta. Ana ɗora motar a kan wasu ƙarafa masu juyawa, tana gudu a wuri ɗaya, babu tudu, babu gargada, na'urar sanyaya mota a kashe. Tsohon gwajin Turai mai suna NEDC tafiyar kilomita 11 ce kacal cikin kusan minti 20, matsakaicin gudu bai kai kilomita 35 a awa ba. Gwajin WLTP da ya fara maye gurbinsa a 2017 ya fi shi kusa da gaskiya: minti 30, kilomita 23 da ɗoriya, ana kaiwa gudun 131, a ɗaki mai zafin digiri 23. Duk da haka bai san cunkoso na awa biyu ba, bai san bayan mota cike da kaya ba. Amfanin wannan lamba shi ne a gwama mota da mota idan gwaji ɗaya aka yi musu. A Amurka ma, manyan a-kori-kura irin su Ford F-250 da Ram 2500, waɗanda nauyin da aka amince musu da lodi ya haura fam 8,500, doka ba ta tilasta a manna musu lambar shan mai ba sam.

Akwai wani ruɗani kuma da ke kama masu duba bayanan mota a intanet. Galan iri biyu ne. Na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila lita 4.546. Idan Ba'amurke ya ce motarsa tana yin mil 30 da galan ɗaya, kusan kilomita 12.8 ke nan da lita. Idan mutumin Ingila ya faɗi wannan lamba, kilomita 10.6 yake nufi. Wanda bai tambayi galan ɗin wa ake magana ba zai yi ta faɗa da motarsa a banza.

To, yaya ake aunawa? A manta da allurar geji, domin tankin waɗannan motoci ba murabba'i ba ne, rabin sama da rabin ƙasa ba sa tafiya daidai. Lambar da kwamfutar mota ke nunawa ita ma ƙiyasi ce, kuma takan yi wa motar kara. A je gidan mai, a tsayar da mota a wuri miƙaƙƙe, a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa karo na farko, kada a ƙara ko ɗigo. A rubuta maleji. A yi aikin da aka saba yi har tanki ya yi ƙasa sosai, a dawo famfon nan dai idan da hali, a sake cikawa kamar na farko. Litar da ta shiga ita ce aka ƙona. Misali an yi kilomita 540, lita 60 ta shiga: a raba 540 da 60, kilomita 9 ke nan da kowace lita, wato lita 11.1 a kilomita 100. Cikawa ɗaya ba ta isa hujja ba. A yi sau uku ko huɗu, kowane lokaci a rubuta irin tafiyar, cikin gari ce ko doguwar hanya, da lodi ko wayam. Ƙaramin littafi a aljihun mota ya wadatar. Ranar da lissafi ya tashi daga lita 10 zuwa 12 a kilomita 100 alhali aiki bai sauya ba, ranar ce ake da dalilin zuwa gareji.

Kafin a amince da maleji ma, a duba taya. Da yawa suna cire tayar da mota ta zo da ita su sa babba don mota ta yi tsayi. Taya mai lamba 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, mai lamba 285/70R17 kuwa kusan 831, bambancin kashi 7 cikin ɗari. Maleji juyin taya yake ƙirgawa, saboda haka idan an yi tafiyar kilomita 100 zai nuna 93 da ɗan wani abu, lissafi ya fito da muni fiye da gaskiya. Bayan wannan kuskuren ƙirga, akwai asara ta haƙiƙa: babbar taya ta fi nauyi, mai manyan haƙora irin ta shiga laka tana cin ƙarfin inji a kan kwalta, kuma mota da aka ɗaga iska ta fi shiga ƙarƙashinta ta riƙe ta.

Babban mai shan man a-kori-kura a doguwar hanya shi ne gudu, kuma a nan nake so masu mota su tsaya su yi tunani. Gaban motar faffaɗa ne, dogo, kamar bango ake turawa cikin iska. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi: daga 100 zuwa 120 tana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari, daga 80 zuwa 120 kuwa ta ninka sau biyu da kwata. Ribar da direba ya samu a tafiyar kilomita 100 idan ya bar 100 ya koma 120 minti goma ce. Duk abin da aka ɗora wa motar a waje yana ƙara wannan turjiya: kariyar ɗora kaya a sama, ƙaton bamba na ƙarfe, jerin fitilu, kaya da suka fi kan mota tsayi, tamfol da ba a ɗaure da kyau ba yana ta kaɗawa kamar tuta. Wasu suna sauke ƙofar baya wai don iska ta wuce. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna barin ta a rufe ya fi, domin iskar da ke juyawa cikin akwatin baya ita ke ɗauke wadda ke tahowa daga sama ta zarce. Mafi sauƙin tanadi shi ne a riƙe mota tsakanin 80 da 100 a babbar giya, allurar juyin inji tana wajen 1,500 zuwa 2,200, inda waɗannan injina suka fi ƙarfin ja. Amma kada a danne inji a babbar giya yana kakkarwa a kan tudu, wannan cutar da kuloci da boris ce.

Lodi kuwa a cikin gari da kan tudu yake nuna kansa. Motar ita kaɗai ta kai tan biyu, an yarje mata ɗaukar kusan tan ɗaya, wasu kuma suna jan tirela mai birki har kilo 3,500. Kowace tsayawa da tashi, sai inji ya sake tayar da wannan nauyi daga kwance, kowane taka birki kuma man da aka riga aka ƙona ne ake zubarwa. Direban da ke hango gaba ya saki totur tun da nisa yana cin riba biyu, domin injin zamani yana yanke mai gaba ɗaya idan mota tana gangarawa a cikin giya ƙafa ba ta kan totur. Wanda ya fitar da giya yana ganin dabara ya yi, alhali inji na shan man silo, birki kuma ya rasa mataimaki. Mai jan babbar tirela kada ya yi mamaki idan shan mai ya tasar wa ninki biyu.

Iskar taya a auna ta da safe kafin a motsa, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Lambobi biyu ne a wurin, na wayam da na lodi, kuma na tayoyin baya sukan bambanta sosai. Haka giyar 4H: a motocin da ake sa wa ƙafa huɗu da hannu, barin ta a kan busasshiyar kwalta na ƙara shan mai, yana kuma murɗe ƙarafan da ke kai ƙarfi ga tayoyi.

Sai zaman silo, wanda maleji ba ya gani ko kaɗan. Inji mai girman lita 2.4 zuwa 3.0 da na'urar sanyi a kunne yana iya shan kusan lita ɗaya a awa yana tsaye. Motar aiki da ke jiran awa biyu kullum a haka, cikin kwana 25 ta ƙone wajen lita 50, fiye da rabin tankin Hilux mai lita 80, ba ta taka ko'ina ba. Wannan shi ne man da aka fi zargin direbobi da sacewa. Ɗumama inji minti goma sha biyar da safe ma tsohon yayi ne. Minti ɗaya ya isa baƙin mai ya zagaya, sai a tashi a hankali. Bayan gudu mai tsawo ko jan kaya ne ya kamata a ba shi minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, saboda turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, ya huce.

Idan littafi ya nuna shan mai ya ƙaru da gaske, a fara da abu mai sauƙi kafin a taɓa nozul. A yi 'yar tafiya ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya a kusanto da hannu jikin kowane wili. Wanda ya fi sauran zafi birkinsa na kamawa, ko boris ya fara ci. A duba cin taya: idan gefe ɗaya ya fi sudewa, saiti ya goce, mota tana jan ƙafa. A duba tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa inji. Idan ya tsage za a ji fito lokacin da aka taka totur, a ga jiƙar mai a wurin, baƙin hayaƙi a salansa, ƙarfi kuma ya ragu. Matatar iska da ta toshe ita ma ƙarfi take ragewa, direba ya rama da ƙafa. A canza ta. Hura ta da iska mai ƙarfi na iya huda takardar, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji.

Ina roƙon 'yan'uwa makanikai su daina cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, da sunan maganin zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin digiri 80 zuwa 90. Idan aka cire ta ba ya kaiwa nan da wuri, baƙin mai ya zauna da kauri, ƙonewar dizal ta ragu, kunkunniya ta taru a hanyar EGR da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji. Mota mai zafi, lagireto ko fanka ko famfon ruwa ne abin dubawa.

Nozul na injin zamani yana fesa mai da matsin da ya kai 1,600 zuwa sama da 2,000 a ma'aunin matsi na "bar", ta ramukan da suka yi sirantar gashi. Ruwa da datti ne ajalinsa. Shi ya sa ake da matatar mai mai tare ruwa a ƙasanta, da fitila a gaban direba mai gargaɗi idan ruwan ya taru. A kwance ɗan makunnin da ke ƙasa a tsiyaye shi, a canza matatar a kan lokaci. Nozul da ya ci yana zuwa da alamu: wahalar tashi, ƙwanƙwasa da safe, rawar inji a silo, hayaƙi. Ana tabbatarwa da kwamfutar gwaji, da kuma auna man da kowanne ke mayarwa tanki a cikin kwalabe masu awo, a ga wanda ya fita daban. Idan an sa sabo, a yawancin waɗannan injina sai an shigar da lambarsa cikin kwamfutar mota, in ba haka ba feshi ba zai daidaita ba.

Motocin da ke da matatar hayaƙi ta DPF suna da nasu hali. Lokaci-lokaci inji yana ƙara fesa mai don ya kai matatar zafin kusan digiri 600 ta ƙone kunkunniyar da ta tara. Mota mai gajerun tafiye-tafiye ana kashe ta aikin bai kammala ba, ta sake farawa gobe, mai na tafiya, wani kuma yana zurarewa cikin baƙin mai. Wanda ya ga baƙin mai yana ƙaruwa a jikin sandar awo maimakon raguwa, ya yi juye nan take. Maganin shi ne tafiyar minti 20 zuwa 30 a buɗaɗɗiyar hanya da gudu daidai, da baƙin mai mai ƙarancin toka irin wanda littafin motar ya ambata, da dizal mai ƙarancin farar wuta.

Maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai da 'yan na'urorin da ake tsirawa a ƙasan sitiyari wai suna rage shan mai da rabi, ban ga dalilin ba su ko kallo ba. Bambancin lita 2 kacal a kilomita 100, ga motar da ke yin kilomita 30,000 a shekara, lita 600 ne, tanki bakwai da rabi, kuma ana samun sa ne daga ƙafar direba da gejin taya.

Ya Edita, roƙona gare ku shi ne, duk lokacin da za ku buga labari ko tallar mota da lambar shan mai, ku faɗa mana gwajin da ya ba da ita, ku kuma juya mana ita zuwa kilomita da lita.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani makaniken dizal mai karanta jaridarku.