Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Kendo (Wasan Takobin Gora na Japan)

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Zan fara da abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a bana. 'Yan uwanmu da muka tura jarrabawar sandan, wato dan (matakin ƙwarewa) ta uku, duk sun faɗi tun a zagayen fafatawa, ko kata, wato zagayen nuna tsararrun motsin takobi, ba su kai ba. Kun san sai mutum ya shekara 2 riƙe da nidan, wato dan ta biyu, kafin a ba shi damar zama, saboda haka abin ya yi mana ciwo ƙwarai.

Malam bai ɓoye mana dalili ba. Sara dai sun yi shi da yawa, amma babu seme: ba sa matsa wa abokin karawa har ya tsorata ko ya motsa kafin su kai masa shinai, wato takobin gora. Kiai kuwa, wato ihun da ake yi lokacin sara, a maƙogwaro yake tsayawa, bai fito daga ciki ba. Ga kuma ki-ken-tai-ichi, inda ake son ihu da sara da dukan ƙafa su sauka lokaci guda, namu ƙafa kan riga shinai sauka. Fafatawar jarrabawa gajeriya ce, wanda ya yi gaggawa alƙalai sun gama da shi.

Wannan ne ya sa muka shiga kangeiko, atisayen hunturu na watan Janairu, kuma shi ne abin alfaharinmu na bana. Da an idar da sallar asuba sai a nufi dojo, wato zauren atisaye, ƙafa ba takalmi a kan katako mai sanyi kamar ƙanƙara. A fara da kirikaeshi (sara a ka dama da hagu a jere), a shiga kakarigeiko (kai hari ba tsayawa) har numfashi ya ƙare, sannan Malam ya tsayar da mu a tazarar taku ɗaya sara ɗaya, ya hana kowa motsi sai ya ga lokacin da abokinsa ya yi niyyar tasowa. Nan debana-men take, wato sara a ka daidai lokacin da abokin karawa zai taso. Ranar ƙarshe ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi ya sauke wa Malam ita tsaf a ka, ya wuce da zanshinsa cikakke, wato bai saki shiri ba bayan sara. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Shi ne ya sake zama daga baya, kuma ya ci. Allah Ya ƙara basira.

Taron wata-wata ya gudana, sai na watan azumi da muka ɗage.

Maganar bogu (kayan kare jiki) guda biyu da muka yi alkawarin saya wa sababbin shiga, ba a saya ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Kuɗin wata da suka shigo hayar zauren atisaye da canjin shinai da suka tsage suka cinye su. Shinai mai tsagewa ba a wasa da shi, sartse na iya shiga ido ta tsakanin ƙarafan men, wato hular kare fuska. Da kowa ya biya nasa, da tuni an wuce wurin. Ziyarar kallon gasar zakarun Japan ta ranar 3 ga Nuwamba a zauren Nippon Budokan da ke Tokyo ita ma haka ta sha ruwa.

Na gaji da bin mutane da saƙo. Akwai waɗanda rabon da mu gan su da hakama (wandon kendo) tun bara, amma da an yi maganar jarrabawa su ne kan gaba wajen neman a sa sunansu. Daga yanzu wanda ake binsa bashin wata uku ba za mu miƙa sunansa ba. Littafin kuɗi na wurin ma'aji, a same shi ranar Asabar kafin a fara atisaye.

Sakataren ƙungiya