Wasiƙa zuwa ga ɗana kan tonon asali a Kura

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida.

Kawunka ya zo mini ranar Juma'a da wata magana da ta hana ni barci. Ya ce ka sauka Kura kana bin tsofaffi da waya kana ɗaukar bakinsu. Wannan ban hana ka ba. Da ka ce za ka Kaduna, gidan ajiye tsofaffin takardu na ƙasa da Arewa House, ni na ba ka kuɗin mota. Da ka dawo daga Gidan Ɗan Hausa kana karanta mini yadda ake karɓar kuɗin karofi, da yadda Buzaye ke ɗaukar turkuɗin Kura zuwa Agadas, wallahi daɗi na ji, don sana'ar iyayenmu ce. Ka tambayi wanda ka ga dama yadda gidanmu ya tsaya a yaƙin basasar Kano na 1893, Tukurawa muka bi ko Yusufawa. Ka tambayi su waye yunwar Kakalaba ta 1914 ta ɗauke mana. Duk ka rubuta.

Amma an ce ka shiga gidan da ke bayan namu, ka zauna gaban Goggo, ka tambaye ta zanen da ke fuskar kakarta na wace ƙasa ne, kuma wa ya kawo ta Kura. Kai ka yi wannan? Tsohuwar da ta goya ka? An ce shiru ta yi, ta ja mayafi ta rufe baki, kai kuwa wayarka na nan a kunne.

To, tunda kai mai bincike ne, bari in rage maka wahala. Abin da kake zato haka yake. Na sani, mahaifina ya sani, su ma sun sani. Turawa sun ci Kano a 1903, Gwamna Lugga ya riga ya yi shelar cewa duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. A tsakanin nan wasu sun biya murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangidansa don ya yi aikin kansa, wasu sun fanshi kansu gaban alƙali, aka rubuta sunayensu a littafi. Ina jin irin wannan littafi kake nema. Ko ka same shi, me za ka yi da shi? Zai gaya maka suna da kuɗin fansa. Ba zai gaya maka cewa mahaifin Goggo ne ya riƙe marinar nan lokacin da kakanka ya kwanta ciwo ba. Na gan shi da idona, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, yana gutsura mini ƙosai a bakin karofi yana cewa "ci, ɗan ƙanena." Da wannan sunan na tashi, da shi kuma na rene ku. Ban ɓoye maka don tsoro ba. Na riƙe amanar da aka ba ni ne, kuma gobe ma haka zan yi.

Ga abin da ke cin raina. An sa ranar jikar Goggo bayan babbar Sallah. Ka san mutanenmu, kafin a ɗaura aure sai an aika a binciki asali. Mutum ɗaya ya ji abin da ke cikin wayarka, ya kai gidan mijin, shi ke nan. Ba za su ce komai ba, za su aiko ne a ce "a dakata tukuna", yarinyar nan kuma ta shiga bakin duniya, ita da ƙannenta da ke tasowa. Na ga an yi haka a garin nan, kuma yarinyar ba ta sake ɗaga kai ba. Kai kana Kano a ofis, wa zai zauna da kukan? Ni ne zan haɗu da mahaifinta a sahu sau biyar kullum.

Ka kawo mini hadisin da ya ce a koyi nasaba don a sada zumunci. Gaskiya ne. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa sukar nasaba cikin al'amuran jahiliyya da suka rage a al'ummarsa. Karatun da na biya maka bai kai ka nan ba? Ban yarda ka sa wannan a littafi ba, ban yarda ka sa a Facebook ba, ban yarda ka tura wa 'yan uwanka a WhatsApp ba. In ka yi, ka sani ka saɓa mini.

Na san ba mugunta ce ta kai ka ba. Tun kana ƙarami kai mai tambaya ne, ni ma ina alfahari da hakan a gaban mutane. Ka goge abin da ka ɗauka a gidan Goggo. Ka zo ranar Asabar da goro da turmin atamfa, mu shiga tare ka gaishe ta. Bayan nan zan zauna da kai in ba ka sunayen kakanninmu har inda na sani, da inda tsofaffin karofinmu suke kafin a cike su.

Allah ya yi maka albarka. A shafa mini kan yara.

Mahaifinka.