Wasiƙa daga Fairbanks: Labarin Jam'iyyar Libatariyan ta Jihar Alaska

Fairbanks, Alaska.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya, kuma ina fata ciwon ƙafar Baba ya yi sauƙi. Ni ma lafiya lau nake, sai dai sanyi, domin a wannan wata na Disamba rana ba ta cika awa huɗu a sama, mutum ya fita aiki cikin duhu ya komo cikin duhu.

Saƙonka ya iso ni, kuma na ga tambayar da ka yi, wato ko da gaske ne jam'iyyu biyu kaɗai ke Amurka, in kuma akwai wasu, me ya hana a ji ɗuriyarsu. Na ga ya fi kyau in amsa maka da labarin jam'iyya guda a jihar da nake zaune, domin a nan ne wata ƙaramar jam'iyya ta taɓa kai wa matsayin da har manyan suka fara waiwayenta. Sunanta jam'iyyar Libatariyan. Aƙidarta a taƙaice ita ce hukuma ta tsaya ga tsaron rai da dukiya da yin shari'a tsakanin mutane, ta rage haraji, ta cire hannunta daga kasuwa, ta kuma bar baligi ya tafiyar da rayuwarsa yadda ya ga dama muddin bai cuci kowa ba. An kafa uwar jam'iyyar a jihar Kolorado a watan Disamba na 1971, a gidan ɗaya daga cikin mutanen da suka taru da wani matashi mai suna David Nolan, amma inda ta fara cin zaɓen majalisar dokoki shi ne nan Alaska.

Sai ka san yanayin wurin kafin ka gane dalili. Alaska ta kusa ninka Nijeriya biyu a faɗin ƙasa, amma mutanenta ba su kai 750,000 ba. Amurka ta saye ta daga Rasha a 1867, ba ta kuma zama cikakkiyar jiha ba sai 1959. Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙaurato nan sun zo ne don neman wurin da ba mai sa musu ido, su yi farauta, su kama kifi, su haƙi zinariya, su gina gida da hannunsu a cikin daji. Sai ga shi kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙasar jihar mallakar gwamnatin tarayya ce. A watan Disamba na 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu ya keɓe eka miliyan 56 a matsayin wuraren da aka killace, abin da ya fusata mutanen wannan gari har suka ƙona mutum-mutuminsa. A daidai wannan lokaci kuma man fetur ɗin da aka gano a Prudhoe Bay a 1968 ya fara kwarara ta bututun da aka kammala a 1977, kuɗi suka cika baitulmalin jiha. Jama'a na jin haushin gwamnatin tarayya, suna kuma ganin gwamnatin jiha ta yi arzikin da ba ta da hujjar ci gaba da taɓa albashinsu. Duk mai wa'azin rage ikon hukuma ba zai sami masu sauraro da suka fi waɗannan ba.

Mutumin da ya ci moriyar wannan yanayi shi ne Dick Randolph, wani dillalin inshora a nan Fairbanks. Ba baƙo ba ne a siyasa, don ya riga ya yi zama a majalisar wakilan jiha a ƙarƙashin jam'iyyar Rifablikan a farkon shekarun 1970. Ya bar su ya koma Libatariyan, ya tsaya takara a 1978 ya ci, ya zama ɗan jam'iyyar na farko da ya shiga majalisar dokokin wata jiha a duk faɗin Amurka. A 1980 ya sake ci, wani abokin tafiyarsa Ken Fanning shi ma ya ci, suka zama su biyu a cikin majalisa mai kujeru 40. A zaɓen shugaban ƙasa na wannan shekarar, ɗan takararsu Ed Clark, wanda bai wuce kashi 1 cikin ɗari da ɗan ɗoriya ba a ƙasa baki ɗaya, ya sami kusan kashi 12 a Alaska, ya zo na uku.

Babban aikin da ake tuna Randolph da shi shi ne soke harajin da jiha ke yanka daga abin da mutum ya samu. A nan tsarin mulki ya ba jama'a damar su tara sa hannu su kai ƙudurin doka gaban masu zaɓe kai tsaye, ba tare da sun bi ta majalisa ba, kuma da wannan makami ya yi amfani. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi aikin walda a kan bututun mai a ƙuruciyarsa, yana cikin waɗanda suka yi yawon tara sa hannun. Wata rana na taya shi kwashe ƙanƙara daga ƙofar gidansa, ya shigar da ni ya ba ni shayi, sai ya ɗauko wani tsohon akwatin kwali ya nuna mini bajon kamfe da takardun talla da suka yi ja saboda daɗewa. Ya ba ni labarin yadda suke tsayawa a bakin kantuna cikin tsananin sanyi, tawadar alƙalami na daskarewa, sai ya riƙa cusa alƙalamin cikin rigarsa ya ɗumama shi kafin ya miƙa wa mai sa hannu. Da 'yan majalisa suka ga yawan sunayen da aka tara, suka gane cewa in aka kai maganar akwatin zaɓe za ta wuce ko suna so ko ba sa so, sai suka riga jama'a, suka soke harajin da kansu a 1980. Gwamna Jay Hammond ya sa hannu ba da son ransa ba, daga baya ma ya sha bayyana nadamarsa. Har yau ma'aikaci a Alaska ba ya biyan wa jiha harajin albashi.

A 1982 Randolph ya nemi kujerar gwamna, ya sami kusan kashi 15 cikin ɗari, ya zo bayan Bill Sheffield na Dimokurat da ya ci, da Tom Fink na Rifablikan. Wannan sakamako babba ne ga ƙaramar jam'iyya, amma ya zo da asara, domin neman gwamna ya raba shi da kujerarsa ta majalisa, Fanning shi ma bai koma ba. A 1984 wani ɗan jam'iyyar, Andre Marrou, ya ci kujera daga yankin garin Homer, ya yi zango ɗaya, ya faɗi a 1986. Daga baya ya yi wa ɗan takarar jam'iyyar, Ron Paul, mataimaki a takarar shugaban ƙasa ta 1988, ya kuma zama ɗan takarar jam'iyyar da kansa a 1992, amma tun faɗuwarsa ba a sake zaɓen ɗan Libatariyan a majalisar Alaska ba. Shi kuwa Randolph, a 1986 ya koma gidansa na da, ya nemi tikitin gwamna a Rifablikan, bai samu ba.

Abin da na daɗe ina juyawa a raina shi ne yadda jam'iyyar da ta yi nasara a kan babbar buƙatarta ta dusashe cikin shekara takwas. A ganina nasarar ce ta cinye ta. Mutanen da suka bi ta ba duka ne suka karanta littattafan aƙidarta ba. Haraji ne ya dame su, da kuma ƙasar da aka killace. Da aka soke harajin, sai rabin dalilin binta ya tafi, sauran rabin kuma 'yan Rifablikan suka ɗauka suka riƙa faɗa da bakinsu, musamman bayan hawan Ronald Reagan. Mai zaɓe kuwa ya san cewa wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ke ɗaukar kujera, na biyu da na uku su tashi a tutar babu, don haka yana tsoron kada ya ba ƙaramar jam'iyya ƙuri'arsa ya wayi gari ya taimaki wanda ya fi ƙi. Haka aka yi da maganar tabar wiwi, wadda 'yan Libatariyan suka daɗe suna neman a halatta: masu zaɓen jihar sun amince da hakan a 2014 ba tare da sun ba jam'iyyar ko kujera ɗaya ba. Ka san ra'ayina a kan kayan maye, ban yarda da su a wannan ba ko kaɗan, na kawo shi ne don ka ga yadda ake karɓar kayansu a bar su a bakin ƙofa.

Akwai kuma wani abu da na gaya wa maƙwabcin nawa ido da ido, bai ji daɗi ba amma bai musa ba. Soke harajin ya yiwu ne saboda man fetur ɗin yana ƙarƙashin ƙasar da jiha ta mallaka, wato dukiyar gwamnati ce ta ɗauke wa jama'a nauyin da suke kuka da shi. A 1976 aka kafa asusun ajiya na dindindin da ake zuba wani kaso na kuɗin mai, daga 1982 kuma aka fara raba wa kowane mazaunin jiha rabonsa duk shekara, babba da yaro. Rabon farko dala 1,000 ne, na 2022 ya kai dala 3,284. Idan watan Oktoba ya kama za ka ga kantuna sun cika, dillalan motoci da kamfanonin jiragen sama suna ta tallan rangwame. Mutumin da ke karɓar wannan kuɗi yana iya zagin gwamnati da baki, amma da wuya ya zaɓi wanda zai rushe ta da gaske. Sannan akwai ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, irin su Yupik da Inupiat, waɗanda mota ba ta zuwa sai jirgin sama ko kwalekwale. Makarantarsu da asibitinsu da filin saukar jirginsu duk da kuɗin hukuma ake riƙe su, kuma babu ɗan kasuwar da zai je ya gina su don riba. Ban taɓa jin amsar da ta gamsar da ni daga bakin 'yan jam'iyyar game da waɗannan mutane ba, kuma wannan ne babban abin da ya raba ni da su, duk da ina girmama gaskiyarsu da naci irin nasu.

Za ka iya cin karo da wani adadi da zai ruɗe ka, don haka bari in yi maka bayaninsa. A zaɓen majalisar dattawan tarayya na 2016, ɗan takarar Libatariyan a Alaska ya sami kashi 29 cikin ɗari, ya zo na biyu bayan Lisa Murkowski ta Rifablikan, ya wuce ɗan Dimokurat. Sai dai wannan mutum, Joe Miller, ɗan Rifablikan ne mai ra'ayin riƙau, wanda ya kayar da Murkowski a zaɓen fid da gwani na 2010, ita kuma ta dawo ta doke shi a babban zaɓe ta hanyar sa magoya bayanta su rubuta sunanta da hannu a kan takardar ƙuri'a. A 2016 aron tutar Libatariyan ya yi bayan wadda jam'iyyar ta tsayar ta janye masa. Ƙuri'un nasa ne da na masu fushi da Murkowski. Ma'aunin gaskiya shi ne abin da ɗan takararsu Gary Johnson ya samu a takarar shugaban ƙasa a rana guda a jiha guda, wato kusan kashi 6.

A 2020 masu zaɓe suka sauya tsarin gaba ɗaya. Yanzu duk 'yan takara suna shiga zaɓen share fage guda ɗaya, huɗun da ke kan gaba su wuce, sannan a babban zaɓe mutum ya jera su bisa son ransa, na ɗaya, na biyu, har na huɗu. Idan ba wanda ya haura rabi, sai a cire na ƙarshe a raba ƙuri'unsa ga waɗanda masu zaɓensa suka sa a matsayi na biyu. Na ga samfurin takardar a hannun wani abokin aikina, layuka ne da 'yan da'irori da ake cikewa da alƙalami, kamar takardar jarrabawa. Wannan tsari ya kawar da tsoron asarar ƙuri'a da na ambata, don haka na zaci ƙananan jam'iyyu za su farfaɗo. A 2022 ɗan Libatariyan Chris Bye ya shiga cikin huɗun da suka nemi kujerar majalisar wakilan tarayya, amma bai kai kashi 2 ba, Mary Peltola ta Dimokurat ta ci. Wannan ya nuna mini cewa ba tsarin zaɓe kaɗai ke danne su ba. Fiye da rabin masu rajistar zaɓe a jihar nan ba su bayyana wata jam'iyya ba, suna son a ƙyale su, amma ba sa son a ɗaure su da aƙida, ko da aƙidar a ƙyale mutum ce. A 2024 an nemi a soke sabon tsarin, ya tsira da ratar da ba ta kai ƙuri'a 1,000 ba, kuma masu adawa da shi ba su haƙura ba.

Maƙwabcina har yanzu yana sabunta rajistarsa a jam'iyyar, yana kuma zuwa taronsu duk da ya ce wani lokaci ba sa cika ɗaki guda. Ya yi mini alkawarin zai ba ni ɗaya daga cikin tsofaffin takardun tallan 1980, in ya ba ni zan ɗauki hotonta in turo maka.

Ka gaishe mini da Baba da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'arsu. Ka gai da uwargida da yara, da duk mutanen majalisarmu ta bayan Isha'i. In Allah ya yarda ina sa ran zuwa gida bayan Sallah Ƙarama, kuma ina jiran amsarka kafin nan.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka.