Gajiyar da Barci Ba Ya Kawarwa Tana Bukatar Bincike

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da nake ganin ana yi masa riƙon sakainar kashi, wato gajiyar da ke addabar matasa da yawa ko da sun kwanta da wuri kuma sun tashi a kan lokaci. Za ka ga saurayi ko budurwa 'yan shekara 25 ko 30, waɗanda ya kamata a ce ƙarfinsu yana kan ganiyarsa, sun yi barcin awa 8 cur, amma sun wayi gari jiki ba ƙwari, kai ya yi nauyi, kafin rana ta yi tsaka kuma sun fara hamma da gyangyaɗi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne amsar da suke samu idan sun koka, domin yawanci ce musu ake yi lalaci ne ko son jiki, alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza.

Masana sun ce baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowane dare, kuma gaskiya ne, sai dai cika adadin sa'o'i ba shi ne samun hutu ba. Barci zagaye-zagaye yake tafiya, kowane zagaye kimanin minti 90, daga mara nauyi zuwa mai nauyi sannan na mafarki, kuma duk abin da ke yawan katse wannan tafiya zai bar mutum a gajiye ko da bai san ya farka ba. Babban misali shi ne ɗaukewar numfashi a cikin barci, inda naman maƙogwaro ke saki ya toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi, ya koma barci bai tuna komai ba, kuma hakan na iya maimaituwa sau da yawa a cikin awa guda. Alamomin wannan cuta su ne minshari mai ƙarfi, bushewar baki da ciwon kai da safe. Ana ɗauka cutar masu ƙiba ce da manya kawai, amma siririn matashi ma yana iya samun ta idan hanyar iskarsa ƙuntatacciya ce, kuma idan aka bar ta tana jawo hawan jini. Wanda ke kwana kusa da mai ita ne yakan fara lura, saboda haka maganarsa abar saurare ce.

Akwai kuma batun lokacin da ake yin barcin. Jikin ɗan Adam yana da nasa agogon da ke juyawa a kan kimanin awa 24, kuma binciken yadda wannan agogo yake aiki ne ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a shekarar 2017. Haske ne ke saita shi. Idan duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin melatonin wanda ke shirya jiki ga barci, haske mai ƙarfi da dare kuwa yana jinkirta sakinsa. Matashin da ke kwanciya ƙarfe 10 yau, ƙarfe 3 gobe, ya raba dare yana kallon waya, sannan ya rama barcin da hantsi a ranakun hutu, yana iya tara awa 8 a lissafi, amma agogon jikinsa bai san lokacin dare ba balle na rana.

Daga nan ne da yawa suke faɗawa hannun kafeyin, wanda ke cikin kofi da shayi da lemunan ƙara kuzari. Ina son masu karatu su fahimci cewa kafeyin ba ya ƙara wa jiki ƙarfi ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya toshe wa ƙwaƙwalwa saƙon wani sinadari mai suna adinosin, wanda ke taruwa tun daga safe yana sanar da ita cewa an gaji. Gajiyar tana nan, an dai hana ta magana ne na ɗan lokaci. Sannan jiki yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabin abin da aka sha, ma'ana wanda ya sha da yamma zai kwanta da ragowarsa a cikin jini, ya rage masa barci mai nauyi, ya tashi a gajiye, ya sake neman wani. Barasa da magungunan da ke sa maye ko barci, irin su kodin da wasu magungunan mura, suna kwantar da mutum da sauri amma suna lalata ingancin barcin.

Sai dai inda na fi son a tsaya a duba shi ne jini, musamman ga mata. Ƙarancin jini yana cikin manyan dalilan kasala a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da shi. A ma'aunin hukumar, ana cewa akwai ƙarancin jini idan himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki, ya gaza giram 12 a kowace desilita ta jini (kashi ɗaya cikin goma na lita) ga macen da ba ta da ciki, ko giram 13 ga namiji. Idan ya yi ƙasa, tsoka da ƙwaƙwalwa ba sa samun isasshiyar iska, sai a ga jiri, bugun zuciya da haki bayan ɗan ƙaramin aiki. Mafi yawan abin da ke kawo shi shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko dai saboda ba a samun isasshe a abinci, ko saboda zubar jini mai yawa lokacin al'ada, ko tsutsar ciki, ko gyambon ciki da ke tsiyayar da jini a ɓoye. Budurwa tana iya shekaru tana zubar da jini fiye da kima tana ɗauka haka kowa yake, saboda kunya ta hana ta tambaya. Wani abin lura kuma shi ne ajiyar ƙarfen jiki tana iya ƙarewa tun kafin himogulobin ya sauka, mutum ya riƙa jin kasala alhali an ce masa jininsa lafiya lau, shi ya sa gwajin feritin, wanda ke auna wannan ajiya, yake da muhimmanci. Ba na goyon bayan a sayi maganin ƙarin jini a yi ta sha ba tare da gwaji ba, domin ƙarfe idan ya yi yawa a jiki yana cutar da hanta, kuma shan sa a makance yana iya ɓoye ainihin inda jinin ke zuba.

Gwajin jini yana kuma tona wasu dalilan. Idan ƙullun tayirod da ke gaban wuya, wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, ya rage aiki, sai komai na jiki ya yi sanyi, a ga kasala da ƙarin ƙiba da jin sanyi da bushewar fata, kuma ya fi kama mata. Ciwon suga yana zuwa da gajiya tare da ƙishirwa da yawan fitsari. Ciwon hanta da tarin fuka da ciwon ƙoda ma sukan daɗe ba su nuna wata alama ba sai raunin jiki.

Ba zan tsallake lafiyar ƙwaƙwalwa ba, duk da cewa ita ce aka fi ƙin ambata. Ciwon damuwa ba lallai ne ya zo da kuka ba. Sau da yawa yana bayyana ne a matsayin nauyin jiki, rashin sha'awar abin da a da ake jin daɗinsa, da yawan barcin da ba ya ƙosarwa. Likitoci suna ɗaukarsa da muhimmanci idan irin wannan yanayi ya kai mako 2 ba sauƙi. Matashin da ke kwana da fargabar rashin aiki ko bashi ko jarrabawa, idonsa a rufe yake amma zuciyarsa ba ta huta ba. A ce wa irin wannan mutum malalaci ƙara masa nauyi ne a kan wanda yake ɗauke da shi, alhali ciwon yana da magani kamar sauran cututtuka.

Zaman wuri ɗaya shi ma yana gajiyarwa, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce baligi ya yi motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, ko da tafiya ce da ɗan sauri. Amma a nan akwai togaciya. Wasu mutane, musamman bayan sun yi fama da wata cutar bairos irin su korona, suna shiga wata gajiya mai tsanani wadda ke wuce wata 6, kuma alamarta ita ce ɗan ƙaramin aiki yana kwantar da su kwana ɗaya ko biyu bayan sun yi shi. Matsa wa irin waɗannan su yi ta motsa jiki yana ƙara dagula musu lafiya, sai dai likita ya tsara musu yadda za su riƙa auna ƙarfinsu.

Shawarata ga matashin da ke cikin wannan hali ita ce ya tsayar da lokaci ɗaya na kwanciya da tashi har da ranakun hutu, ya bar kafeyin daga tsakar rana, ya nemi hasken safiya, ya kuma riƙa rubuta yadda yake ji na wasu makonni. Idan bai ga canji ba, ya je asibiti ya bayyana komai dalla-dalla, ya tambaya game da gwajin yawan jini da feritin da suga da tayirod. Idan kuwa gajiyar ta haɗu da rama ba dalili, ko zazzaɓin da ya ƙi tafiya, ko gumin dare, ko ciwon ƙirji, ko tunanin cutar da kai, to kada ya jira ko kwana ɗaya. Iyaye da malamai da shugabannin wuraren aiki kuma, ina roƙon su tambayi yaro lafiyarsa kafin su yanke masa hukunci.

Daga ƙarshe, Malam Edita, ina roƙon ka gayyaci wani ƙwararren likita ya amsa tambayoyin masu karatu a kan wannan batu a shafinku na kiwon lafiya, musamman a kan zubar jinin al'ada da ɗaukewar numfashi a cikin barci, waɗanda mutane ba su cika kai kansu asibiti saboda su ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum.