Yaya, kada a taɓa akwatin Goggo

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutanen gida. Yaya jikin Baffa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Shikago lafiya lau, sai sanyi da ya fara kunno kai.

Saƙon Inna ya iso ni, wai ta ji ina kwasar yara zuwa gidan kallo. Hoton da maman yara ta ɗora a waya ne ya jawo maganar. Don Allah ka zauna ka karanta mata wannan takarda, hankalinta ya kwanta.

A garin nan al'ummomi da yawa da suka zo ci-rani suka zauna suna da gidan al'adarsu. Wanda muka fi zuwa shi ne na mutanen Meziko a unguwar Pilsen, don ko sisi ba a biya a ƙofa. Wasu malaman makaranta ne suka kafa shi a 1982 da dala 900 kacal, aka buɗe ginin a 1987. Duk shekara idan Nuwamba ta gabato sukan baje kolin abin da suke kira ranar matattu: tebura ɗauke da hotunan iyaye da kakanni, da furanni ruwan goro, da irin abincin da mamacin yake so. Wannan ba hanyarmu ba ce, kuma tun a bakin ƙofa na faɗa wa yara cewa mu addu'a da sadaka muke bin namu da su. Amma na ga wata tsohuwa riƙe da hannun jikanta, tana kira masa sunayen garuruwan da aka rubuta a ƙarƙashin hotuna, yana maimaitawa. Muna shiga mota babbar 'yata ta tambaye ni sunan mahaifin Baba. Na faɗa mata. Ta ce to ina hotonsa? Hoton kuwa yana can Bauchi, cikin akwatin marigayiya Goggo.

Na baƙaƙen fatar Amurka ma haka ya faro. Wata malama, Margaret Burroughs, ita da mijinta suka fara shi a 1961 a cikin gidan da suke kwana. Yau ana kiransa DuSable, sunan baƙar fatar da ake ɗauka shi ya kafa garin. Mutanen Suwidin suna da nasu tun 1976, na Kambodiya kuma sun gina wurin tunawa da 'yan'uwansu da aka kashe tsakanin 1975 da 1979. Can ban kai yara ba, sai sun ƙara wayo.

Batun fim da ya dami Inna. Ka tuna mata majigin da ake kafawa a fili zamanin ƙuruciyarta, manya a gaba, yara a tabarma. To kusan haka abin yake, sai dai a cikin zaure. Mutanen Folan suna bikin finafinansu duk shekara tun 1989, da harshensu, ana rubuta fassarar Turanci a ƙasa. Wani abokin aikina ya gayyace ni. Zauren cike da masu furfura da jikokinsu, wani dattijo kusa da ni yana dariya tun kafin in gama karanta fassarar. Da aka kunna fitila, wanda ya shirya fim ɗin ya hau gaba ana yi masa tambayoyi, har da masu yi masa gyara. Kuma kafin in kai yara kowane fim sai na bincika abin da ke ciki, wannan Inna ta sa a ranta.

Abin da ya tsaya mini a rai, Yaya, kayan da ke cikin waɗannan gidaje yawanci ba na sarauta ba ne. Adakar da wata kaka ta shigo jirgin ruwa da ita, rigar aure, keken ɗinki, tsofaffin wasiƙu. Sai dai an rubuta sunan mai kayan da garinsu da shekara, shi ke nan ya zama abin da ake bin layi a gani. Mu kuwa hubbaren Tafawa Balewa yana cikin gari, da kayansa a ajiye, amma in ba makaranta ce ta kwashe mu ba, wa ke zuwa? Zanen duwatsun Geji da na Shira kuwa, a gidanmu kaf ban san wanda ya taɓa taka ƙafa can ba.

Mu masu jin Hausa a nan, 'yan Najeriya da Nijar da 'yan zangon Gana, masallaci da suna da sallah ne ke haɗa mu. Mun yi shawara bayan babbar sallah mu kama zaure na wuni ɗaya, kowa ya kawo abin da ya mallaka, da yamma mu haska fim ɗin Hausa mai fassara saboda yaran da Hausarsu ta fara karyewa. An sha gardama kan wane fim, har yanzu ba a tsayar ba.

Na ji za a gyara ɗakin Goggo saboda bikin Auta. Ina roƙonka kada a zubar da komai, kada kuma a sayar wa dillalai. Ba cewa nake a aiko mini ba, gado ne na kowa. Ka sa ɗanka ya fitar da zannuwan saƙin nan, da ƙoren da aka yi wa zane, da fayafayai da tasoshi, ya ɗauke su hoto da rana a tsakar gida. Tsofaffin hotuna a ɗauki gaba da baya, don wasu akwai rubutun ajami a bayansu. Sannan ya kunna waya Inna ta faɗi wa ya saƙa, wa ya saya, wane ne a tsaye, wane ne a kan doki. Kada a katse ta ko ta yi nisa da labari.

Kuɗin da na turo, rabi na maganin Baffa ne. Sauran a sayo mini faifai da ludayi da tabarmar kaba a kasuwar Wunti, akwai mai tahowa bayan azumi, zan turo maka lambarsa.

A gaida Inna da kyau, ta sa mana albarka. A gaida Kawu da mutanen Jahun. Maman yara da yara suna gaisuwa.

Ƙaninka,
daga Shikago