Gaisuwar Babbar Sallah daga Hamburg, da amsar tambayar Baba kan aikin reno a Jamus

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Umma, da Yaya, da Auta, da duk mutanen gida. Barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi layyarku, Ya dawo mana da alhazai lafiya, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina nan ƙalau, sai kewarku.

A nan ranar Sallah ranar aiki ce, shaguna a buɗe, motoci na ta kai da kawo. Sauƙin da muka samu a Hamburg shi ne tun 2012 gwamnatin birnin ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin Musulmi, saboda haka ɗalibi ko ma'aikaci yana iya neman a ɗaga masa ranar. Amma sai an faɗa da wuri, don Bajamushe komai nasa a kalanda yake. A cikin masallatai ake Idi. Bayan an sauko, wanda ya bi ta titin Steindamm kusa da babbar tashar jirgin ƙasa zai ga Turkawa da Larabawa da 'yan Afganistan cikin kwalliya, kuma ba zai rasa jin Hausa a bakin 'yan Ghana da Togo da Nijar ba. Yanka irin namu a gida doka ta hana, sai a mayanka mai lasisi, shi ya sa yawancin mutanenmu gida suke aika kuɗin layya.

Baba, kun ce in rubuto muku dalla-dalla yadda aikin nan na au pair yake, tunda Gwaggo tana son 'yarta ta biyo sahu. Don Allah a karanta wa Gwaggo takardar nan har ƙarshe kafin a kashe ko kwabo.

Abin da za a fara sani shi ne ba aikin tara kuɗi ba ne. Yarinya za ta zauna a gidan Jamusawa tsawon wata 6 zuwa 12, ta taimaka da renon yara da ƙananan ayyukan gida, su kuma su ba ta ɗaki da abinci, da kuɗin kashewa Yuro 280 a wata. Suna ƙara Yuro 70 a wata na makarantar koyon Jamusanci, su biya kuɗin motar zuwa makarantar, su kuma yi mata inshorar lafiya da ta haɗari. Idan aka juya 280 zuwa Naira za a ga kamar wani abu ne, amma a nan daga ciki za ta sa kati a waya, ta sayi man shafawa da audugar mata, ta cike kuɗin makaranta idan 70 bai isa ba, ta sayi rigar sanyi da takalmin hunturu, waɗanda su kaɗai suna iya cinye fiye da rabin kuɗin wata. Kuɗin jirgi na zuwa da komawa a kanta yake, sai in masu gidan sun ga dama sun taimaka. Don haka kar a ci bashi ko a sayar da fili da tunanin za ta biya a shekara guda. Ribar da ke ciki ita ce harshen, da ƙofar karatun sana'a da yake buɗewa.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Ta cika shekara 18, kuma ba ta kai 27 ba a ranar da ta nemi biza. Ta iya Jamusanci matakin farko da ake kira A1. Ana rubuta jarrabawarsa a Goethe-Institut, cibiyar koyar da Jamusanci da ke Legas, kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu da magana, kuma ana neman maki 60 cikin 100. Kar ta yi haddar amsoshi kawai, domin a ofishin jakadanci ana iya yi mata tambayoyi da Jamusanci: yara nawa ne a gidan, shekarunsu nawa, me za ta yi bayan shekarar ta ƙare. Sai kwantiragi a rubuce da sa hannun ɓangarorin biyu. Dole gidan ya kasance da yaro ƙasa da shekara 18, kuma ba a yarda ta je gidan danginta ba. Kuɗin biza Yuro 75 ne. Duk dillalin da ya ce a kawo miliyoyi zai samo gida da biza ba tare da jarrabawa ba, a rabu da shi. Kafin ta sa hannu ta yi magana da masu gidan ta bidiyo fiye da sau ɗaya, ta ga yaran, ta ga ɗakin da za a ba ta, in da hali ta karɓi lambar wadda ta riga ta zama a gidan ta ji daga bakinta.

Da ta sauka, cikin mako 2 za ta yi rajistar adireshi a ofishin unguwa da takardar da mai gida zai cike, ta buɗe asusun banki, ta kuma duba ranar ƙarewar bizarta, in ba ta kai ƙarshen zaman ba ta nemi ganawa da ofishin baƙi tun da wuri. Fasfo ɗinta a hannunta zai zauna. Babu mai ikon karɓe shi da sunan ajiya.

Yinin kansa da agogo yake tafiya. Wajen ƙarfe 6:30 ake tashi, a shirya yara, a zuba musu burodi da cuku da yankakken tuffa ko karas a ɗan akwatin abinci. Firamare ƙarfe 8 ake shiga, ƙanana kuma a kai su gidan reno da ake kira Kita. Ba za a ba ta yaro a Kita ba sai iyayen sun rubuta sunanta cikin masu izinin ɗauka, ranar farko ma ta riƙe katin shaida. Daga nan zuwa azahar yawanci lokacinta ne, a nan ake zuwa aji. Da rana ta ɗauko su, ta kai wannan wasan ninƙaya, ta kai wancan ƙwallo ko filin wasa. Yayyafi ba ya hana fita, akwai wandon roba da takalmin ruwa da ake sa wa yaro ya je ya yi ta birgima a taɓo, iyayen suna murna. Makarar minti 10 a wurinsu babban laifi ne, in motar ta yi jinkiri sai a tura saƙo nan take. A hanya ta kula da jan layin da ke gefen titi, na masu keke ne kuma ba sa rage gudu. Kar ta tsallaka titi da yaro fitila tana ja, ko da babu mota ko ɗaya. Abincin dare wajen ƙarfe 6 ne, sau da yawa burodi ne mai sanyi, kafin ƙarfe 8 yara sun kwanta.

Ƙa'ida ta ce aikin kar ya wuce awa 6 a rana da awa 30 a mako, har da zaman dare da yara in iyaye sun fita. Tana da hutun kwana ɗaya da rabi a mako, da hutun mako 4 a shekara ba tare da an yanke mata kuɗi ba. Aikinta wankin yara da gugarsu, gyara ɗakinsu, girki mai sauƙi da kwashe kwanuka. Wanke tagogin gida duka, aikin lambu ko jinyar tsoho ba sa ciki.

A nan ne 'ya'yanmu suka fi cutuwa, kuma tarbiyyarmu ce take jawo shi. An koya mana kara da kawaici, babba ya sa ka aiki ba ka cewa a'a. To Bajamushe abin da ka faɗa shi yake ɗauka. Idan uwar gida ta ce ko za ki riƙe su ranar Asabar, yarinya ta ce babu komai alhali ranta bai so ba, an ɗauka da gaske babu komai, mako mai zuwa ma za a sake. Haka awa 30 take zama 45 ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba. Ko a tebur, in aka ce ki ƙara abinci kika ce kin ƙoshi don kunya, an ɗauke tukunya ke nan. Maganinsa ɗan littafi: ta riƙa rubuta lokacin da ta fara da lokacin da ta gama kullum, ranar Lahadi da yamma su zauna da uwar gida su tsara mako. Kuma ta kalli idon mai yi mata magana. Sunkuyar da kai da muke yi don ladabi, su ɓoye wani abu suke fassara shi.

Game da yara, Umma, abin da zai ba ku mamaki shi ne tun shekarar 2000 dokar Jamus ta hana dukan yaro, har iyayen da suka haife shi. Ranƙwashi, jan kunne, tsawa mai firgitarwa, duk suna iya raba ta da gidan a ranar. Ana durƙusawa ne daidai tsayin yaro a yi masa bayani, in ya ƙi a bar wa iyaye. Ba ta ba shi magani, ko na zazzaɓi ne, sai ta kira uwar. Jaririn da bai shekara ba ba a ba shi zuma. Inabi ana tsaga shi a tsaye kafin a ba ƙaramin yaro don kar ya shaƙe. Sai gyaɗa: akwai yaran da ko kaɗan suka ci sai fuska ta kumbura, numfashi ya ɗauke. Ƙuli-ƙuli, yaji, dakuwa, duk kar ta ɗanɗana wa yaro sai ta tambaya. In abu ya faru, lambar motar asibiti da 'yan kwana-kwana 112 ce, ta 'yan sanda 110, kuma ta haddace adireshin gidan da Jamusanci. Hoton yaran ma ba a sa shi a WhatsApp ko Facebook sai da izinin iyaye.

Kayan gida su ma suna da nasu. Injin wanki yana da lambobi 30, 40 da 60 na zafin ruwa, kuma kowace riga an rubuta nata a ɗan ƙyallen da ke ciki. Rigar ulu in ta shiga 60 za ta fito kamar ta 'yar tsana, ba ta kuma gyaruwa. Sabulun wanke-wanke na hannu ba a zuba shi a injin wanke kwanuka, kumfa zai cika kicin. Murhun lantarki mai gilashi yana daɗewa da zafi bayan an kashe, a kula da hannun yara. In za ta soya manja ta buɗe taga ta rufe ƙofar kicin, don na'urar hayaƙi tana da saurin kuka. Banɗakinsu kuwa yawanci babu magudana a ƙasa, ruwan alwala da na buta in ya zuba nan zai kwanta, sai ta yi a kwamin wanka ta goge wurin. Shara kashi-kashi ce: takarda daban, robobi da gwangwani daban, ragowar abinci daban, kwalba daban. Robar ruwa mai tambari ana mayar da ita shago a karɓi santi 25. Lahadi shaguna a rufe suke, cefane sai Asabar.

Maganar addini a gama ta tun kafin a sayi tikiti. Ta gaya musu tana sa hijabi, tana salla, tana azumi, ba ta cin alade. Ta tambaya ko akwai kare a gidan, ko za a sa ta soya wa yara naman alade, don a san matsaya. Ta koyi kalmomin Schwein (alade), Schinken da Speck (nau'o'in naman alade) da Gelatine (danƙon da sau da yawa daga alade ake samunsa), ta riƙa duba bayan kwali, domin har alewar yara mai danƙo ana yi da Gelatine. Lokutan salla suna jujjuyawa ƙwarai: yanzu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9:30 na dare, a watan Disamba kuwa ƙarfe 4 na yamma duhu ya shiga, azahar da la'asar da magariba duk su faɗo cikin lokacin ɗauko yara. Wannan duhun na hunturu shi ya fi sa kaɗaici, lokacin ne za ta fi bukatar ku riƙa kiranta.

Idan zama ya ƙi daɗi, kowane ɓangare yana iya ba da sanarwar mako 2, ta nemi wani gida ta sanar da ofishin baƙi, amma jimillar zaman ba za ta wuce wata 12 ba. Ɗakinta ya kasance mai mukulli. In mai gida ko wani ya nemi ya taɓa mutuncinta, ba ta jiran mako 2, ta fita ta kira 110, ko 116 016, layin taimakon mata da ke aiki dare da rana, kuma akwai masu fassara. Gwaggo ta yi mata alkawari tun yanzu cewa in ta dawo ba za a yi mata gori ba, don tsoron gori shi ke sa yarinya ta yi shiru a inda bai kamata ba.

Shekarar sau ɗaya ake yin ta a Jamus. Mai son ci gaba tun wata na 6 take fara neman gurbin aikin sa-kai na shekara ko karatun sana'a da ake biyan ɗalibi a cikinsa. Yawanci ana neman Jamusanci matakin B1, wanda ya fi A1 zurfi, aikin jinya kuwa B2, na gaba da shi. Ta taho da asalin takardunta na WAEC ko NECO.

Umma, kun ce za ku ba wani kilishi da soyayyen naman Sallah ya kawo mini. Don Allah a bari, kwastan ba sa barin nama ko kayan madara su shigo daga waje, za su ƙwace, har tara ana iya ci. Garin kuka da busasshiyar kuɓewa ina samu a shagon 'yan Ghana. Auta ta ci rabona, ta kuma turo mini hotunan ɗinkinta da na ragon. Zan kira jibi bayan isha'inku, ku tuna a wannan lokacin mun riga ku da awa ɗaya. Gwaggo ta zo da 'yarta mu yi magana baki da baki, ta rubuto tambayoyinta.

A gaishe mini da Kaka, da Kawu da iyalinsa, da Malam da maƙwabta. Baba, a ci gaba da sa mini albarka.

Wassalam,
'Yarku